Yadda Ake Zaɓen Lens Mai Zum Na f/2.8 Don Kyamarar DSLR

Yawancin kyamarorin DSLR (masu madubi a ciki, waɗanda ake canza wa lens) na masu farawa da lens ɗin 18-55mm f/3.5-5.6 suke zuwa a kwali. Da rana tsaka a fili ba ka da abin zarginsa. Amma ka shiga ɗakin amarya bayan magariba, ko zauren dina da fitilunsa ba su taka kara sun karya ba, ka janyo fuska kusa, sai hoton ya yi duhu, ko ya fito dishi-dishi, ko ya cika da tsaki-tsaki. Wannan ne ke tura mai hoto neman zum mai faɗin ƙofar shigar haske, wanda ke tsayawa a f/2.8 tun daga farkon zangonsa har ƙarshe. Shi ne zai riƙa kwana a bakin kyamararka, da shi za ka yi mafi yawan aikinka, kuma sau da yawa kuɗinsa ya fi na kyamarar kanta. Saboda haka ba abin da ake saye da ka ba ne. Abu biyu za ka tabbatar kafin kuɗi ya bar hannunka: lens ɗin ya dace da kyamarar da kake riƙe da ita yau, kuma wannan ƙwaya ɗayan da aka miƙo maka lafiyarsa ƙalau.

Abin da za ka tanada

- Kyamararka da kanta. Kada ka yarda a gwada maka a kan kyamarar mai shago kaɗai.
- Batir cike da caji, da memori mai fili.
- Ƙaramar tocila mai farin haske. Ta waya ma ta isa.
- Shafin jarida mai ƙananan rubutu da salatif na mannawa a bango.
- Kwalin ashana guda uku, ko ƙananan batura uku.
- Tsumma mai laushi na goge gilashi da robar hura iska.
- Kwamfutar tafi-da-gidanka in kana da ita. In babu, allon bayan kyamara zai yi, muddin za ka faɗaɗa hoton sosai.
- Sandar kyamara mai ƙafa uku. In babu, teburi ko kantar shagon ta wadatar.

1. Gane girman sensarka da bakin kyamararka

A nan aka fi yin asarar kuɗi, don haka zan daɗe a kai.

Kyamarorin DSLR da ke yawo a hannun mutane kashi biyu ne. Akwai masu cikakkiyar sensa (farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara), mai faɗin milimita 36 da tsayin 24: Canon 5D da 6D, Nikon D610, D700, D750, D810, D850. Akwai masu ƙaramar sensa: Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D, 60D, 70D, 80D, 7D, Nikon D90, D3100 zuwa D3500, D5100 zuwa D5600, D7000 zuwa D7500, da D500. Idan kyamararka Canon ce daga Amurka aka kawo ta, ka ga an rubuta Rebel a jikinta, ita ma ƙaramar sensa ce. Rebel T3i ita ce 600D, T5i ita ce 700D.

Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take ɗauka, ta bar gefe. Don sanin faɗin abin da za ka gani, sai ka ninka lambar milimita ta lens ɗin da 1.6 a Canon, ko 1.5 a Nikon; ƙaramar lamba ita ce mai ɗauko faɗi. Ga amfanin lissafin: lens ɗin 24-70mm, wanda manyan masu hoto ke yabo, in ka ɗora shi a kan Canon 700D, 24 ɗin nan ya koma kamar 38mm. A kan Nikon D5300 ya koma 36mm. A fili ba matsala, sai ka ja da baya. A ɗakin da bai wuce taku huɗu ba, amarya a bakin gado da ƙawaye takwas kewaye da ita, bayanka ya riga ya jingina da bango, biyu na gefe ba za su shiga hoton ba. Lens ɗin 17-50mm ko 17-55mm a kan kyamarar nan ɗaya yana farawa daga kimanin 26 ko 27mm, kowa ya shiga.

Saboda haka ƙa'idar a sauƙaƙe: ƙaramar sensa, nemi 17-50 ko 17-55, cikakkiyar sensa, nemi 24-70. Za ka ji ana cewa ka sayi 24-70 tun yanzu tunda wata rana za ka koma babbar kyamara. In watan da za ka canza ɗin yana gabanka kuma kuɗin na hannu, to. In kuwa buri ne kawai, za ka shekara biyu ko uku kana ɗaukar nauyin kusan kilo guda, kana rasa faɗin da kake buƙata kullum. Lens mai kyau ba ya kwantai. Ranar da za ka canza sai ka sayar.

Sai bakin kyamara. Lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon, na Nikon ba ya aiki yadda ya kamata a Canon. Sigma da Tamron suna ƙera samfuri ɗaya da baki daban-daban, don haka "Sigma 17-50" kawai bai isa ba, sai ka tambaya na Canon ne ko na Nikon. A Canon, lens mai alamar EF-S yana da farin murabba'i a bakinsa, kuma ba ya shiga 5D ko 6D sam. Mai alamar EF yana da jan ɗigo, yana shiga kowace DSLR ta Canon. A Nikon, mai alamar DX zai hau babbar kyamara, amma kyamarar za ta yanke hoton ta rage masa girma.

Gargaɗi ga masu Nikon D3000 zuwa D3500 da D5000 zuwa D5600, har da tsofaffin D40 da D60: waɗannan ba su da motar fokas a cikinsu. Dole lens ɗin ya zo da tasa. A Nikon ka nemi AF-S, a Sigma ka nemi HSM. Tamron 17-50 na farko na bakin Nikon ya fito iri biyu, mai mota da marar mota, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Ka ɗora ka danna. In bai motsa ba, da hannu za ka yi ta fokas har abada. Haka kuma lens ɗin Nikon mai harafin E bayan lambar ƙofa, irin 16-80mm f/2.8-4E, tsofaffin kyamarori kamar D90 da D3000 ba sa iya sarrafa ƙofarsa.

2. Karanta abin da aka rubuta a jikin lens

Lambar da ke bayan f, ko bayan "1:", ita ce iyakar buɗewar ƙofar haske, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In ka ga 1:2.8 ita kaɗai, ƙofar ba ta canzawa duk inda ka juya zum. In ka ga lamba biyu, kamar 1:2.8-4, to 2.8 ɗin a farkon zango kawai take, kana janyowa tana tsukewa. Wasu masu sayarwa kan ce maka "2.8 ne" su yi shiru a kan ragowar. Karanta da idonka.

Sauran haruffan: DC na Sigma da Di II na Tamron na ƙaramar sensa ne, DG da Di na cikakkiya ne. IS na Canon, VR na Nikon, OS na Sigma, VC na Tamron, duk na'urar rage rawar hannu suke nufi. Da'ira mai layi a tsakiya da lamba a gefenta, kamar 77, faɗin bakin filta ne.

3. Tambayi tsofaffin hotunanka

Kowane hoto yana ajiye bayanin yadda aka ɗauke shi. Buɗe hotunan ayyukanka uku ko huɗu na baya a kwamfuta, ko ka danna maɓallin bayani a kyamara, ka duba a milimita nawa ka ɗauki waɗanda suka fi yi maka kyau. In yawanci suna tsakanin 18 da 35, kai mai aikin cikin ɗaki ne da hoton taro. In kullum kana maƙale a 55 kana jin bai isa ba, kamar mai ɗaukar hawan sallah ko ƙwallo, to ba wannan lens ɗin ne maganinka ba, dogon lens irin 70-200 kake buƙata, kada ka kashe kuɗi a nan.

4. Lissafa hasken da za ka samu

Daga f/5.6 zuwa f/4 haske ya ninka biyu, daga f/4 zuwa f/2.8 ya sake ninkawa. Wato a 50mm, inda lens ɗin kwali ya tsuke zuwa f/5.6, mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu. A aikace: zauren da ya tilasta maka ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 1600 da saurin shota 1/30 na daƙiƙa, inda duk wanda ya juya kai sai fuskarsa ta goge, da f/2.8 za ka samu 1/125 a ISO ɗin nan dai. Ko kuma ka bar saurin yadda yake ka sauko da ISO zuwa 400, tsakin hoto ya ragu.

Amma a 18mm bambancin kaɗan ne, tsakanin f/3.5 da f/2.8 bai kai ninki biyu ba. Mai ɗaukar hoton gine-gine da fili da rana ba zai ga canjin da ya kai kuɗinsa ba.

Faɗin ƙofa yana da nasa haraji. A 50mm da f/2.8 a kan ƙaramar sensa, mutum na nesa da kai mita biyu, abin da zai fito tar bai wuce zurfin santimita 17 ba. Ga hoton mutum ɗaya wannan alheri ne, baya ya narke, fuska ta fito. Ga dangin ango da suka yi sahu biyu, na gaba za su fito, na baya su dushe. Masu sabon lens da yawa suna barinsa a 2.8 daga safe har dare, sannan su ce ba ya kamawa. Hoton taro a koma f/5.6, in sahu uku ne f/8, a taimaka da filas.

5. Yanke shawara kan na'urar rage rawar hannu

Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon lens: a 50mm a kan ƙaramar sensa, bayan ninkawar nan ta 1.5 ko 1.6, kimanin 1/80. Na'urar tana ba ka damar sauka ƙasa da haka sosai ba tare da rawar hannunka ta ɓata hoton ba. Abin da ba ta yi shi ne tsayar da wanda ake ɗauka. Yaro mai gudu, masu rawa, mai jawabi yana kaɗa hannu, su sai saurin shota. Tana da amfani ga lefe da aka jera, ado na zaure, abinci, cikin masallaci da babu kowa, da kuma bidiyo da hannu. In kana haɗa bidiyo da hoto, ni ban ba ka shawarar marar ita ba. In hoton mutane kawai kake yi da filas, za ka rayu ba ita.

6. Tace waɗanda ke kasuwa

Ga ƙaramar sensa:

Canon EF-S 17-55mm f/2.8 IS USM, wanda ya fito a 2006, nauyinsa giram 645, filta 77. Fokas ɗinsa na da sauri kuma shiru, kana iya gyara shi da hannu ba sai ka kashe na atomatik ba. An san shi da tara ƙura a bayan gilashin gaba, kuma ba ya zuwa da hular kare rana a kwali.

Nikon AF-S DX 17-55mm f/2.8G na 2003, giram 755, jikin ƙarfe mai jure wahala, amma ba shi da VR.

Sigma 17-50mm f/2.8 EX DC OS HSM na 2010, giram 565, filta 77. Ga mai farawa da kuɗinsa ke da iyaka, wannan nake fara nunawa: tsakiyar hotonsa tar take tun daga 2.8, yana da OS, kuma na hannu bai yi wuyar samu ba. Zoben fokas ɗinsa yana juyawa da kansa idan yana aiki, sai ka koyi janye yatsunka daga wurin.

Tamron 17-50mm f/2.8, marar VC na 2006 bai kai rabin kilo ba, filta 67, motarsa na da ƙara. Mai VC na 2009 ya fi nauyi, filta 72. Masu hoto da dama sun fi son kaifin marar VC ɗin.

Sigma 18-35mm f/1.8 Art na 2013 daban yake. Haskensa ya fi na 2.8 sama da ninki biyu, kaifinsa kuma ba a magana. Sai dai ya tsaya a 35mm, nauyinsa giram 810, ba shi da OS, kuma ya fi kowanne buƙatar a gwada fokas ɗinsa da kyau a kan kyamararka.

Ga cikakkiyar sensa: Canon 24-70mm f/2.8L na farko (2002) da na biyu (2012), duka ba IS. Na biyun ya fi sauƙin nauyi da kaifi, filtarsa 82. Na farkon yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa baƙo, hancinsa na fitowa waje a 24mm ya koma ciki a 70mm. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce. Nikon 24-70mm f/2.8G (2007) ba VR, sai na E VR (2015) da ya haura kilo guda. Tamron 24-70 VC na 2012 da G2 na 2017, da Sigma 24-70 Art na 2017, duk suna da na'urar rage rawa kuma sun fi na asali sauƙin kuɗi. Tsohon Tamron 28-75mm f/2.8, mai kimanin rabin kilo, har yanzu yana fitar da mai ƙaramin ƙarfi kunya.

Kada ka raina maganar nauyi. Ɗora shi, rataya a wuya, ɗaga zuwa ido sau goma. Daga ɗaurin aure da safe zuwa dina da dare, giram ɗari uku na bambanci a wuyan hannu za ka ji shi.

7. Binciki jikinsa

Yanzu kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, saboda haka mafi yawan waɗannan lens ɗin na hannu za ka same su. Binciken nan shi ne rabin cinikin.

Fara da waje. Duba zaren da ake ɗaura filta. In ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa da baki. Duba ƙananan sukurorin baya. In kansu ya cinye, an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi dalili. Roba da ta saki ko ta yi fari ba komai ba ce, ana canzawa. Juya zoben zum daga farko zuwa ƙarshe a hankali: ya tafi sumul, ba inda ya cije, ba ƙarar yashi. Fito da hancin gaba ɗaya ka ɗan girgiza shi da yatsa biyu. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, lilo kuwa alamar ciki ya ci. Juya bakin ƙasa. In hancin ya zube da kansa, za ka yi ta fama da shi a wuya.

Sai gilashi. Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta baya a karkace, kana kallo ta gaba, sannan ka juya. Kada ka haska kai tsaye cikin idonka. Za ka ga ƙura, kowane zum na da ita, balle a ƙasar da ake hunturu. Ƙwayoyi kaɗan ba sa fitowa a hoto, amfaninsu kawai ka nemi ragi. Abin gudu uku ne. Funfuna, wadda ke fitowa fara mai rassa kamar saƙar gizo, yawanci daga gefe. Tana yaɗuwa, tana cin rufin gilashin. Hazo, wato gilashin ciki ya yi fari-fari gaba ɗaya, hoto ya riƙa fitowa a wanke. Da kuma karce a gilashin baya, wanda ya fi na gaba illa nesa ba kusa ba. Ɗan karce a gefen gilashin gaba ana iya zama da shi.

Duba ganyen ƙofar haske. A lens ɗin Nikon mai G akwai ɗan ƙarfe a baya. Tura shi da farce ka saki, ganyen su buɗe su rufe nan take, a bushe, ba maiƙo. A Canon, ɗora lens ɗin, sa f/16 da saurin daƙiƙa biyu, danna, ka leƙa ta gaba ka ga sun tsuke sun koma ba jinkiri. Goge ƙananan ƙarafan zinariya na baya da tsumma. In kyamarar Canon ta nuna Err 01, ita da lens ba sa jin juna. In gogewa bai magance ba, ko kuskuren na zuwa ne a wani wuri na zum kawai, ajiye musu kayansu.

8. Gwada shi da hoto

Gwajin fokas tukuna. Jera kwalin ashana uku a kan teburi a karkace, kowanne yana bayan ɗan'uwansa da kamar faɗin yatsa uku, yadda za ka ga fuskar dukkansu. Kafa kyamara a nesan mita ɗaya da rabi, zum a ƙarshe, ƙofa a 2.8, ɗigon fokas na tsakiya shi kaɗai, a kan kwalin tsakiya. Ɗauka sau biyar, kowane karo ka fara karkatar da fokas zuwa wani wuri kafin ka dawo. Faɗaɗa hotunan. In na tsakiya ne ya fi fitowa, madalla. In kullum na gaba ne ko kullum na baya, lens ɗin yana kuskure wuri ɗaya, kuma ana iya gyara wannan a kyamarorin da ke da saitin gyaran fokas, irin su Canon 70D, 80D, 7D, 5D Mark II zuwa sama, da Nikon D7000 zuwa sama. Canon 60D da jerin 600D, 700D, haka Nikon D3000 da D5000 da ƙannensu, ba su da wannan saiti. In irinsu ne a hannunka, lens mai kuskure ba naka ba ne, nemi wata ƙwayar. In kuwa sau ɗaya gaba, sau ɗaya baya, ba tsari, wannan ko a babbar kyamara ba ya gyaruwa da saiti.

Maimaita a farkon zum da tsakiyarsa. Sannan ɗauki ɗaya ta allon baya, wato kana kallon hoton kai tsaye a allo. Wannan hanyar a kan sensar kanta take auna fokas, don haka ita ce ma'auni: in hoton allo ya fito tar na leƙawa bai fito ba, gilashin lafiya lau, daidaito ne matsalar. In duka biyun sun yi laushi, gilashin ne.

Gwaji na biyu na gefe ne. Manna jarida a bango, kyamara ta fuskance ta daidai, ba karkata. Ɗauka a 2.8, sannan a 5.6. Kwatanta kusurwoyi huɗu. A 2.8 dukkansu za su ɗan fi tsakiya laushi da duhu, haka zum yake. Abin da kake nema shi ne a ce hagu tar, dama a goge, ko kusurwa ɗaya ta fita daban. Wannan gilashin ciki ne ya goce, galibi daga faɗuwa, gyaransa kuma sai ƙwararre mai kayan aiki.

Na uku, na'urar rage rawa. Zum a ƙarshe, saurin 1/15, ɗauki biyar a kunne, biyar a kashe. Ka kasa kunne: ɗan motsi mai laushi daidai ne, amma hoto ya riƙa tsalle a cikin maleƙi ko ƙara mai ƙarfi, alamar ta kusa mutuwa. Daga ƙarshe, nufi wani lungu mai duhu na shagon ka ga ko fokas zai kama ko zai yi ta kai-komo, domin a irin wannan hasken za ka yi aiki da shi.

In mai kaya ya hana ka waɗannan gwaje-gwajen, ko yana ta gaggauta ka, ka gode masa ka wuce. In daga wani gari za a turo maka kuma ba yadda za ka taɓa, nemi bidiyon tocila ta cikin gilashi, da hotunan asali da aka ɗauka a 2.8 a turo su a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto ya ɓoye aibi. Kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa kana da kwana biyu ko uku na mayarwa.

9. Ciniki

Ka tambayi farashi a wuri uku kafin ka taya. Rashin hula, rashin murfin baya, ƙura, robar da ta saki, duk dalilan ragi ne. A rubuta maka rasit da lambar jikin lens ɗin, ka duba da idonka cewa ita ce. Lambar da aka kankare alama ce ta kayan da ba a san asalinsu ba. Ka bar wani abu a aljihu don hula da filta mai kyau. Filta mai arha a kan lens mai tsada tana jawo walƙiya da hazo a duk hoton da fitila ta shiga, gara babu ita.

10. In kuɗin bai kai ba

Riƙe lens ɗin kwali don faɗi, ka ƙara masa marar zum mai faɗin ƙofa. A Nikon mai ƙaramar sensa, 35mm f/1.8G DX, a Canon, 50mm f/1.8 STM don fuska, ko EF-S 24mm f/2.8 STM don cikin ɗaki. Mai f/1.8 ya fi zum ɗin 2.8 haske, kuɗinsa kuma ɗan kaɗan ne a kansa. Abin da ka rasa shi ne saurin sauya faɗi, ƙafarka ce za ta yi aikin. Mai Nikon D3200 ya lura: 50mm f/1.8D ba zai yi masa fokas ba, mai G zai nema.

Hanya ta biyu ita ce filas na ɗorawa a sama, a harba shi ga farin silin ya dawo a baje. A ɗaki mai farin rufi wannan kan gyara hoto fiye da sabon lens. Ta uku, zum mai tsakaitacciyar ƙofa: Sigma 17-70mm f/2.8-4 ga ƙaramar sensa, ko Canon 24-105mm f/4L da Nikon 24-120mm f/4 ga cikakkiya. Ka rasa rabin haske, a Sigma a ƙarshen zango, a masu f/4 a duk zangon, ka samu ƙarin tsawo. In da mai ba da haya a garinku, ko abokin sana'a da zai ara maka, yi aiki ɗaya cikakke da irin wanda kake so kafin ka saya.

11. Makon farko da shi

Filas ɗin jikin kyamara da wannan lens ba sa shiri: a 17mm hancin da hularsa suna tare hasken, sai ka ga baƙar inuwa mai rabin da'ira a ƙasan hoto. Cire hular ka ɗan janyo zum, ko ka yi amfani da filas na sama.

Lokacin hunturu kada ka canza lens a fili. Shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. Hura ƙura da roba kafin ka sa tsumma, domin goge gilashi da yashi a kai shi ke kawo karce. Da damina kada ka bar shi a rufe cikin jaka mai danshi. Sa shi a robar abinci mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi, ka riƙa shanya su ko canza su. In ka fito daga zaure mai sanyin na'ura zuwa waje mai zafi da laima, gilashin zai yi gumi. Bar shi cikin jaka minti goma ya daidaita kafin ka buɗe.

Kafin ka kai shi aikin kuɗi, ɗauki mutum ɗaya a wuri ɗaya a 2.8, 4, 5.6 da 8, a farkon zum da ƙarshensa, ka zauna ka kwatanta su a babban allo. Yawancin waɗannan lens ɗin a f/4 suke ƙara kaifi sosai, kuma a nan za ka riƙa ajiye shi duk lokacin da haske ya ba ka dama.